Littafin manna hotuna: na takarda ko na waya?

In kina son farawa amma aiki ya miki yawa, hanya biyu ce. Na takarda sai kin tanadi album mai kauri, almakashi da gam, ki wanko hotunan suna ko na sallah ki manna har da katin gayyata da ɗan yankin atamfar anko, ki rubuta kwanan wata a ƙasa, minti 20 da daddare ya isa shafi ɗaya. Ki nemi gam da takarda marasa asid don kar hoton ya koma rawaya. Na waya kuwa Canva, wato manhajar tsara hotuna, ya wadatar, ko a cikin adaidaita kina yi, sai dai yana cin data kuma ba wajen manna atamfar. Ni wallahi na takarda na fi so.