Lab din da ya mana gwajin karin kwakwalwa, aikinsu da kyau amma a duba fakej kafin a biya

Masu tambaya ta akan lab din da muka kai naman da aka ciro a kan Yayana bayan tiyata, ga abinda na gani. Lab ne na kudi, kuma ba anan suke gwajin ba, dan guntun naman da asibiti ta daskarar a cikin kaki irin na kyandir suke karba su tura Indiya, rizolt ya dawo ta imel. Wajen mu'amala gaskiya ba laifi, suna daga waya, sun bada rasit, rizolt din ma bai wuce lokacin da suka ce ba.

Inda nake da magana shine fakej. Akwai karami mai gwajin IDH da MGMT (wasu alamomi ne na kwayoyin halitta da ake dubawa a jikin karin), akwai babba da aka kara EGFR da wasu abubuwa, kudinsa yafi sosai, matar dake kanta tace min "Alhaji ai babban zaka dauka, shi zai nuna maganin da ya dace da kwayar cutar kai tsaye", ni kuma a halin da nake ciki ko gida akace in sayar zan sayar. Na biya.

Rizolt yazo, giliyobilastoma ce, wato wani nau'in kansar kwakwalwa, EGFR ya ninku, ma'ana yayi yawa fiye da kima, harda nau'in da suke kira EGFRvIII. Da na kaiwa likitan ciwon kansa shine ya zauna ya min bayani Allah ya saka masa. EGFR wani furotin ne a jikin fatar kwayar halitta, sai sinadarin girma yazo ya dafe shi sannan yake tura sako ciki cewa a rabu a hayayyafa. Shi wannan vIII din wani bangarensa na waje ya guntule, sai ya zama kamar makunnin wuta da ya makale a kunne, ko ba'a taba shi ba sako tafiya yake, kari yana ta girma. Kuma ba bakon abu bane, wajen kashi 40 cikin 100 na masu irin wannan ciwon EGFR dinsu a ninke yake.

Nace to Likita sai a bamu maganin da ke kashe makunnin mana. Yace ai nan gizo ke saka. Magungunan da ke toshe EGFR irin su Tarceva da Iressa suna aiki a wasu masu kansar huhu da EGFR dinsu ya canza, amma da aka gwada su a kwakwalwa basu tabuka komai ba, na farko maganin baya ratsa shingen dake tsakanin jini da kwakwalwa sosai, na biyu kwayoyin karin ba iri daya bane, ka toshe wannan hanya wasu su bi ta wasu furotin din irin su PDGFR ko MET suci gaba abinsu. Har allura akayi musamman dan EGFRvIII, rindopepimut, aka tsayar da babban gwajinta a 2016 saboda bata kara kwana ba.

To ba wai gwajin banza bane fa, tun tsarin hukumar lafiya ta duniya WHO na 2021 ninkuwar EGFR na cikin abinda ake tabbatar da giliyobilastoma dashi idan madubin likita bai nuna karara ba. Amma mu namu ya riga ya nuna. Maganin da aka dora Yayana akai shine dai wanda ake yi tun 2005, gashin radiyo sati 6 hade da kwayar temozolomide, kuma MGMT dake cikin karamin fakej din shi ke nuna ko temozolomide din zata fi kama shi.

Ripot din kansa shafi da yawa, turancin likitoci zalla, babu ko layi daya da dan uwan mara lafiya zai gane, wannan ya kamata su gyara. Tauraro 3 cikin 5 na basu. Kafin ku biya ku sa likitanku ya rubuta ainihin gwajin da yake so a takarda, kar ku bari a zaba muku a kanta, sannan ku tambaya tun farko ko zasu dawo muku da ragowar naman dan wani asibitin zai iya nema.