Buhun yuriyar da ya kwantar mini da riɗi

Da gangan na yi shiru sai da na kakkaɓe riɗin na auna, don da a watan Agusta na yi magana, yabo kawai za ku ji daga bakina.

Maganar takin zamani nake yi, farar yuriyar nan mai lamba 46 a jikin buhu. Riɗi iri biyu na shuka bana, Ex-Sudan a gabashin gona, na gidanmu da na gada wajen Baba a yamma, kuma na riga na sa musu takin kamfa tun shuka. Mai shagon ne ya zuga ni. Ya ce, "Alhaji, in kana son riɗi ya biya ka, ba shi yuriya yadda kake ba masara." Ni kuwa na hau na zauna. Ana gama maimai na faro daga yamma ina zubawa kunya-kunya, ba awo ba lissafi.

Cikin kwana goma gonar ta sauya. Ganye kore shar har yana ɗaukar baƙi, na gidan ya kamo kafaɗata. Masu tafiya kasuwar Maigatari ran Alhamis har tsayar da babur suke su leƙa. Hoto ma na ɗauka na sa a WhatsApp, abin da ban taɓa yi wa gona ba.

Sai marka ta sauka. Wani dare aka yi ruwa da iska, da safe na tarar da ɓangaren yamma kwance shame-shame kamar shanu sun kwana a kai. Na ɗago kara ɗaya in duba. Tsawo ga shi, amma daga gindi har tsakiya babu kwanso ko ɗaya, ganye ne zalla, sai 'yan furanni can sama. Wanda ya manne da laka kuwa bai yi mako ba ya fara ruɓewa. Wallahi ranar ko karin kumallo ban iya ci ba.

Malamin gona da ya zo bai ɓoye mini ba. Ya ce yuriya ganye da kara take ginawa, in ta yi yawa shuka ta shagala da tsawo, fure ya makara, karan ya yi laushi iska ta kayar. Riɗi ba mai cin taki ba ne irin masara, kaɗan ya ishe shi, a binne a gefen gindi, don wanda aka watsa a sarari rana da iska ke kwashe shi.

Gaskiya takin ba na banza ba ne. Kafin in kai gabas buhun ya kusa ƙarewa, dole na riƙa tsakura, kuma can ne riɗin ya tsaya kyam, kwanso jere tun daga ƙasa, ƙwaya fara tas mai nauyi. Ya fi na bara nesa ba kusa ba.

Amma ko wannan ragowar sai da na sha wuya a kanta. Ƙasan buhun ya sha danshi ya dunƙule kamar kanwa, da taɓarya muka farfasa shi, ga kuɗin da mutum ya biya kun sani. Da na koma na faɗa wa mai shagon duka biyun, ko kunya babu ya ce haka Allah ya so, wai ko zan ɗauki wani buhun don noman rani.