Sharhi kan ƙaramar kad-rida mai kai biyu: haɗa ta da kwamfuta, saurinta da iyakarta

Na'urar da nake sharhi a kanta ƙaramar kad-rida ce, wato abin da ake karanta katin memori da shi a kwamfuta ko waya, wadda tsawonta bai wuce na ɗan yatsa ba, irin wadda ake samu a shagunan kayan waya da na kwamfuta. Tana da kai biyu, ɗaya babban USB da aka saba gani a jikin kwamfutoci, ɗayan kuma USB-C wanda ke shiga sababbin laftof da wayoyin Android. A gefenta akwai ƙofofi biyu, ɗaya ta babban katin SD da ake saka wa kyamara, ɗaya kuma ta ƙaramin memori na waya, wato microSD. Kamfanoni da yawa suna ƙera ta da wannan siffa, saboda haka abin da ya kamata mai saye ya fara dubawa shi ne ko an rubuta USB 3.0 a jikinta, da kuma ko harshen da ke cikin babban kanta shuɗi ne, domin yawanci da wannan launi ake bambanta ta da tsohon samfuri mai USB 2.0.

Haɗa ta da kwamfuta ba ya buƙatar faifai ko sauke wata manhaja, domin Windows da macOS da Linux duk suna ɗaukar ta kamar yadda suke ɗaukar filas. Ana saka katin a ƙofarsa, a soka na'urar a jikin kwamfuta, sai katin ya bayyana, a Windows a ƙarƙashin This PC da harafin da ake gane shi da shi, kuma idan na kyamara ne, hotunan suna cikin jakar da ake kira DCIM. Wani lokaci kwamfuta takan yi ƙarar da ke nuna an saka sabon abu amma katin ya ƙi fitowa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne Windows ba ta ba shi harafi ba. Maganin wannan shi ne a buɗe Disk Management, wato sashen Windows mai kula da ma'ajiyoyi, a nemo katin ta hanyar girmansa, a ba shi harafi da hannu.

Batun sauri shi ne dalilin da ya sa nake ganin wannan na'ura ta cancanci ƙarin kuɗin da ke kanta a kan masu arha. USB 2.0, wanda ya fito a shekarar 2000, iyakarsa megabit 480 ne a daƙiƙa (megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya), abin da a aikace ba ya wuce megabait 30 zuwa 40, yayin da USB 3.0 na shekarar 2008 ya kai gigabit 5. Katunan da aka fi amfani da su a yau, masu alamar UHS-I, iyakar hanyarsu megabait 104 ce a daƙiƙa. Idan aka yi lissafi, kwashe cikakken kati mai gigabait 32 zai ci kimanin minti 18 a saurin megabait 30, amma a saurin megabait 90 minti 6 ya ishe shi. Ga mai ɗaukar hoton biki wanda ya dawo daga kamu da dare, kuma ɗaurin aure na jiransa da safe da katunan nan dai, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Haka ma ga 'yan dawunlodin da ke tura wa mutane karatu da waƙoƙi da finafinai a memori, waɗanda layin masu jira ke tsaye a gabansu.

Sai dai na'urar ba ta ƙirƙirar saurin da babu shi. Idan aka soka ta a baƙar ƙofar USB 2.0, kamar waɗanda ke gaban tsofaffin kwamfutocin tebur, za ta koma tafiyar tsohon samfuri, kuma idan katin mai jinkiri ne, babu abin da za ta iya yi masa. Lambobin da ke jikin kati suna bayyana mafi ƙarancin saurin rubutu da aka yi alkawari: lamba 10 a cikin da'ira tana nufin megabait 10 a daƙiƙa, U3 da V30 kuma megabait 30. Akwai kuma katunan UHS-II, waɗanda ake gane su da layi na biyu na haƙoran ƙarfe a bayansu, masu iya kaiwa megabait 312. Wannan kad-rida tana karanta su, amma da saurin UHS-I kawai, domin ba ta da haƙoran da za su taɓa layin na biyu. Wanda ya kashe kuɗi a kan irin waɗannan katuna don aikin bidiyo, ya nemi na'urar da aka rubuta UHS-II a jikinta.

Ta fuskar girman kati kuwa ban ga inda ta gaza ba. Tun bayan da kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba suka fito da katin SD a 1999, an faɗaɗa shi zuwa SDHC a 2006, wanda ya tsaya a gigabait 32, sannan SDXC a 2009, wanda ya kai har terabait 2. Tsofaffin kad-rida da aka ƙera kafin waɗannan matakai su ne ke ƙin ganin manyan katuna, amma wannan tana karanta dukkan ukun. Abin lura a nan shi ne tsarin ajiya: SDHC yana zuwa da FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, yayin da SDXC ke zuwa da exFAT wanda ba shi da wannan matsala. Saboda haka idan kwamfuta ta ce bidiyo ya yi wa kati girma alhali akwai sauran wuri, laifin na tsarin ajiyar ne. Haka nan idan kati mai gigabait 64 ya nuna kimanin 59 a Windows, ba a cuci kowa ba, bambancin hanyar ƙidaya ce tsakanin masu ƙera kati da kwamfuta.

Inda ake yawan yin asara shi ne lokacin da Windows ta fito da saƙon cewa sai an yi wa katin fomat kafin a yi amfani da shi. Bai kamata a amsa da amincewa ba idan akwai abin da ake buƙata a ciki. Tun daga Android 6.0 na shekarar 2015, waya tana iya mayar da memori ya zama ɓangaren ma'ajiyarta ta ciki, kuma idan ta yi haka takan kulle shi da sirrin da ita kaɗai ke iya buɗewa. Babu kad-ridar da za ta karanta irin wannan memori, kuma fomat zai share komai; hanya ɗaya ita ce a mayar da shi cikin wayar, a kwashe kayan ta kebul. Idan kuwa katin kyamara ne ya rikice, manhajar PhotoRec, wadda kyauta ce, takan dawo da hotuna da dama muddin ba a rubuta sabon abu a kansu ba.

Ƙaramin makullin da ke gefen babban katin SD shi ma yana rikita mutane. Ba shi da wata alaƙa da lantarkin cikin katin, kad-ridar ce ke jin inda yake tsaye, sannan ta hana rubutu. A wannan samfuri ƙofar SD tana da ɗan matsi, kuma idan makullin katin ya saki, yakan zame zuwa wurin kullewa yayin da ake tura shi, sai kwamfuta ta ƙi gogewa ko ajiye komai. Wannan shi ne babban aibin da na gani a ƙirarta, tare da faɗin jikinta da ke toshe ƙofar USB ta kusa a laftof, da marufanta biyu da ba a ɗaure su da komai ba, masu saurin ɓata. Tana kuma yin ɗumi idan aka daɗe ana kwafi, ko da yake hakan bai tsayar mini da aiki ba.

Wani amfaninta da na fi daraja shi ne gwada sabon memori kafin a amince masa. Jabun katuna sun yi yawa a kasuwa, waɗanda ake shirya su su nuna girman da ba su da shi, sai su riƙa karɓar kaya suna lalata su a ɓoye. Manhajar H2testw ta Windows, ko F3 ga masu Linux da Mac, tana cika katin da bayanai sannan ta sake karanta su, ta nuna ainihin girmansa, kuma da kad-rida mai USB 3.0 gwajin ba ya cinye yini. Kafin a zare na'urar, musamman bayan an rubuta abu a kati, a yi amfani da umarnin Eject a jira kwamfuta ta ba da izini, domin zarewa ana tsakiyar rubutu yana daga cikin abubuwan da ke lalata tsarin ajiya.

Ina ba da shawarar wannan kad-rida ga masu ɗaukar hoto, da ɗalibai, da masu shagon tura kaya, da duk wanda laftof ɗinsa ba ta da ƙofar kati. Mai aiki da katin CompactFlash ko CFexpress na manyan kyamarori ba zai amfana da ita ba, domin ba ta da ƙofarsu.