Tandar ɗin bel da na sayo daga Duwala, da abin da ya yi min a tsakiyar azumi

Shekaranjiya wani ɗan'uwa mai injin ɓarar gyaɗa a Gider ya bugo min waya, ya ce ya ji na taɓa sayen tandar, wato abin da ke ɗaure bel ɗin kwasar kaya kada ya saki, irin na noti daga Duwala, yana son ya yi odar irinsa, me na gani? Na fara yi masa bayani, sai na ji raina ya sake ɓaci kamar jiya abin ya faru. Shi ya sa na ce gara in rubuta, duk mai bel a wurin aikinsa ya karanta.

Injin casar shinkafa gare ni a bakin Garwa. Shanshera muna samunta daga Lagdo, wani lokaci har daga Yagwa. Akwai bel, wanda mutanenmu nan suka fi kira tapi, da ke kwasar shanshera daga inda ake juye buhu ya hau da ita mazurarin injin. Tsakanin gangar sama da injin lantarki ke juyawa da gangar ƙasa mita 24 ne, faɗin bel ɗin santimita 50. A watan Disamba na sa sabon bel, irin mai rubutun EP 400/3 a jiki, wato nau'in zaren da ke cikinsa da ƙarfinsa, na ce tunda an sabunta bel bari a sabunta tandar ɗin ma, domin tsohon duk tsatsa ta cinye shi. Kun san masu sayar da irin waɗannan kaya a Duwala, kun san kuɗin da suke yankawa, kun san kuma wahalar da kaya ke sha kafin su iso mana: jirgin ƙasa ya tsaya a Ngaundare, daga nan sai babbar mota ta gangaro da su. Kwana goma sha ɗaya na jira.

Da suka iso, gaskiya sun ba ni sha'awa. Firam biyu, fenti shuɗi mai sheƙi, boris biyu samfurin UCT 208 a cikin gidajensu, kowanne yana zamewa a kan layinsa lafiya lau, da sandar noti a kowane gefe. Muka ɗaura a gangar ƙasa cikin yini ɗaya. Ka juya sifana, ganga ta ja baya, bel ya ɗaure. Sati uku na farko ban da abin cewa, har na yaba wa mai kayan a waya.

Sabon bel kuwa yana saki. Wannan kowa ya sani, zaren da ke cikin robar yana miƙewa a makonnin farko, sai a riƙa bin sa da ɗauri. Muna ƙara zagaye biyu yau, zagaye uku jibi. Kafin ƙarshen Fabrairu na duba na ga saura kamar faɗin yatsu biyu gidan boris ya kai ƙarshen firam. Na yi mamaki, domin mai kayan ya ce min a waya tafiyar tandar ɗin santimita 30 ce. Na ɗauko tef na auna. Ramin firam ɗin ne santimita 30. Gidan boris ɗin da ke ciki shi kaɗai ya ci kusan 10. Ke nan abin da ganga za ta iya matsawa santimita 20 ne kacal. Na kira shi, ya ce haka ake aunawa, kowa haka yake saye. Na yi shiru domin aiki ya yi min yawa a lokacin.

Sai azumi ya shigo cikin bazara. Wanda ya san Garwa a watan Afrilu ya san abin da nake faɗi, zafi ya wuce digiri 40, ƙarfe ba ya taɓuwa da rana. Kuma lokacin ne ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wutar lantarki ke ja baya, wuta ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Ina da alkawari da wani Alhaji daga Kusiri, buhu 300 zai ɗauka kafin salla, motarsa na tsaye a ƙofa.

Ranar Talata ce, bayan azahar. Wuta ta ɗauke bel na cike da shanshera tun daga ƙasa har sama. Da ta dawo, yaron da ke kan makunni ya danna ba tare da an rage kayan ba. Ina ofis na ji wani irin kuka mai tsini, kamar ana goga ƙarfe a dutse. Na fito na tarar gangar sama tana juyawa, bel kuwa ko motsi, ganga na gurzar cikinsa, warin ƙonanniyar roba ya cika rumfar. Babban yarona ya ruga ƙasa da sifana. Ya ja hagu, ya koma dama, noti ya ƙi, domin ƙura da ƙaiƙayi sun haɗu da giris sun daskare a haƙoran sandar. Sai ya zura bututu a hannun sifana don ya ƙara ƙarfi. Ina ce masa "Kai, dakata!" sai muka ji ƙas. Haƙoran notin dama sun zube gaba ɗaya, gangar ƙasa ta karkace, gefen dama ya saki.

Bel kullum gefen da ya saki yake bi. Da ya samu ɗan kamu daga jan hagun ya fara tafiya, sai ya gudu dama ya hau ƙarfen firam, ina kallo bakinsa na yagewa, farin zare na fitowa kamar ana sagar rama. Shanshera na zuba ƙasa. Abin da har yau nake gani in na rufe ido shi ne ƙaramin yaronmu, ɗan ƙanwata, wanda bai wuce wata biyu da fara aiki ba, ya sa tafin hannu a gefen bel zai turo shi tsakiya, tsakaninsa da bakin ganga bai kai kamu biyu ba. Ban san lokacin da na kai makunni ba. Na kashe, na riƙo wuyan rigarsa na jawo shi. Ya ce, "Kawu, gyara shi zan yi." Jikina na rawa, da azumi a bakina, na kasa ce masa komai. Uwarsa amana ta ba ni shi.

Da muka natsu muka auna ɓarnar. Bakin bel ya yage kusan mita uku. Robar da aka lulluɓe gangar sama da ita ta yi sulɓi, wani wuri ta ƙone ta yi baƙi ƙirin. Sandar dama ta ɗan lanƙwashe. Notin na ɗauka na duba cikinsa, sumul, garin ƙarfe na zubowa a tafin hannuna.

Da daddare bayan asham na je gidan wani dattijo makanike da ya daɗe yana aiki a masana'antar siminti ta Figil kafin ya yi ritaya. Washegari da sassafe ya zo. Bai taɓa komai ba sai da ya taka tsawon bel ɗin, sannan ya karɓi alli ya rubuta a jikin bango. Ya ce bel mai zaren EP, mutum ya ware masa kamar kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na tsawon da ke tsakanin gangunan biyu. Mita 24, santimita 36 ke nan, ban da ɗan rarar da ake bari saboda ranar da za a yanke a sake haɗawa. Ni kuwa 20 aka ba ni. Ko 30 ɗin da aka faɗa min da gaske ne, ba ta isa ba.

Na ce, "Baba, to ai mai kayan bai tambaye ni tsawon bel ba."

Ya ce, "Alhaji, wanda ya san aikin, ita ce tambayarsa ta farko."

Ya ɗauki sandar ya goga mata zarto sau biyu, ya ci ta kamar sabulu. Ya ce wannan sandar gini ce, irin mai siraran haƙora masu tsini da ake sayarwa mita-mita a kanti. Ta tandar ta ainihi haƙoranta masu faɗi ne, kan kowanne a shafe, kuma ana yi mata murfi don ƙura. Ya kuma nuna min cewa wannan ƙirar turo ganga take yi, ba jawo ta ba, doguwar sanda siririya kuwa in tana turi sai ta lanƙwashe, in tana ja ne take zama miƙe.

A nan zan faɗi gaskiya ko da raina na ɓace. Boris ɗin da suka zo da kayan masu kyau ne, Baba ya juya su ya saurara ya ce kada in yar. Firam ɗin ma waldarsa ba laifi. Kuma ya ce tandar na noti ba mugun abu ba ne, ga gajeren bel mai mita goma ko sha biyu a shimfiɗe, wanda ake tayar da shi ba kaya, ya wadatar, ga araha, ga sauƙin gyara. Laifin tayar da bel da kaya a kai kuma namu ne, domin lokacin tashi ne bel ya fi buƙatar kamu a ganga, shi kuwa noti inda ka bar shi nan yake, bai san bel ya saki ba. Zura bututu a sifana shi ma ba daidai ba ne. Ɗauri in ya wuce kima boris yake kashewa, ya ɓalle haɗin bel, har ya lanƙwasa sandar ganga. Duk na yarda.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne maganin da ya kawo. Ya ce tunda bel ɗina hawa yake, akwai fili a ƙarƙashinsa ta sama, a yi masa tandar na nauyi irin na manyan masana'antu. Ni a zatona wannan sai kamfanin siminti ko na auduga. Ya kira mai walda, aka samo ƙananan ganguna uku. Biyu aka kafe a firam ta ƙasan bel, kaɗan bayan gangar sama, ta ukun aka rataye a tsakaninsu, bel ya sauko ya zagaye ta ya koma sama. Ita wannan ta tsakiyar tana hawa da sauka a kan ƙarfe biyu tsaye, an rataya mata akwatin ƙarfe da muka cika da guntayen kankare da tsofaffin ƙarafa. Ya ce nauyin rabuwa yake biyu, in ka rataya kilo 300, kowane ɓari na bel kilo 150 yake ji. Muka riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, yana tsaye yana kallon yadda bel ke yin ciki tsakanin rola da rola, sai da cikin ya koma kamar faɗin yatsa, ganga kuma ta daina zamewa, ya ce a tsaya haka.

Ranar da muka tayar, na tsugunna ina kallon akwatin. Ana dannawa ya yi ƙasa kamar tsawon ɗan yatsa, ya ɗan yi lilo, ya dawo ya zauna. Sakin da bel ya yi a lokacin tashi, nauyin ya shanye shi nan take ba wanda ya taɓa sifana. Wallahi sai da na yi hamdala a fili. Daga ranar zuwa yau an yi damina guda, ganga ta jiƙe, wuta ta ɗauke ba adadi, ban sake jin wannan kukan ba. Yana da nasa wahalar: boris shida ne suka ƙaru masu son giris, ƙaiƙayi na taruwa a gangar da ke rataye sai mun sa mata abin kankara, ƙarafan da muka ɗinke bel da su suna ƙara duk lokacin da suka ratsa gangunan. Mun kuma kewaye ƙarƙashin akwatin da raga, saboda in bel ya tsinke nauyin nan ƙasa zai yo. Gangar ƙasa ma yanzu raga gare ta, kuma ba mai kusantar bel sai an kashe an cire fis.

Amma duk wannan kwana uku ya ci. Alhajin Kusiri mutumin kirki ne, ya jira kwana biyu, a na uku ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, salla ta matso," ya ɗauki buhu 120 da suka samu, sauran ya cika a wani wuri. Bana bai dawo ba. Sabon bel da bai cika wata biyar ba ya koma mai faci. Ga kuɗin walda, ga na ganguna, ga robar gangar sama da aka sake. In na tuna duk wannan daga sandar gini ce da aka shafa wa firam ɗinta fenti, yabon da na yi wa boris ɗin ma sai in ji kamar in janye shi. Don bayan wata biyu ɗaya daga cikinsu ya fara zubar da giris ta gefen da gangar ta karkace, ko daga wannan ranar ce ko dama can haka yake, oho.

Na tura wa mai kayan hoton notin da hoton bel. Ya ce yarana ne ba su iya aiki ba, ya ce in turo kuɗi ya aiko min da wata sandar. Na tambaye shi irin waccan ce ko mai faɗin haƙora? Ya karanta bai amsa ba. Na ce to ko batun santimita 20 ɗin nan ya gyara a tallarsa saboda na baya. Nan ma shiru.

Shi ɗan'uwana na Gider na tambaye shi tsawon bel ɗinsa, ya ce mita tara ne, a shimfiɗe. Na ce na noti zai yi masa, amma ya sa a auna masa tafiyar gidan boris ɗin da tef a ɗauko hoto, daga inda ya fara zuwa inda ya tsaya, a kuma nuna masa haƙoran sandar kusa-kusa kafin ya tura ko dala. Wurin wancan mutumin kuwa na ce kada ya je. Ya ce ranar Lahadi in ya taso daga kasuwar Pitowa zai biyo ya ga akwatin da idonsa, na ce ya zo, notin ma yana nan a aljihun tebur zan nuna masa.