Na'urar nuna hanya ta GPS a titunan Bauchi da Gombe, bayan rani ɗaya da damina ɗaya

Sana'ata rarraba magungunan dabbobi ce ga ƙananan shaguna da makiyaya, kuma daga Bauchi nake tashi, in ratsa Dindima da Alkaleri in shiga Gombe, wani lokaci in zarce Kumo da Billiri har Kaltungo, wani lokacin kuma in karkata ta Dukku in ɓullo Darazo in dawo gida. Manyan titunan nan ba su taɓa zame mini matsala ba, domin na san su kamar yunwar cikina. Abin da ya sa na nemi na'urar nuna hanya shi ne ƙananan hanyoyin da ke rabuwa daga kwalta zuwa ƙauyuka da rugage, inda mutum zai je sau ɗaya da ɗan rakiya, bayan wata uku ya dawo shi kaɗai ya tarar da mararraba uku masu kama da juna. Da wayar hannu nake wannan aiki a da, amma takan ɗauki zafi idan ta daɗe a rana, kira yakan shigo ya rufe taswira daidai lokacin da nake buƙatarta, cajin kuma ya ƙare kafin la'asar.

Wadda na saya mai fuskar inci 7 ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Sin, a wani shagon kayan mota cikin garin Bauchi, kuma kuɗinta bai yi nisa da na matsakaiciyar wayar hannu ba. A cikin kwalin akwai na'urar, da mariƙi mai roba da ake mannawa a gilashin gaba, da caja da ake sokawa a ramin kunna sigari na mota, da katin memori wanda taswira ke ciki. Mai shagon ya ce mini, "Alhaji, wannan ko dajin Yankari ka shiga sai ta fito da kai." Bayan shekara guda ina aiki da ita, zan iya cewa rabin maganarsa gaskiya ce, kuma rabin da ba gaskiya ba shi ya kamata mai niyyar saye ya fi sani.

Rabin da yake gaskiya shi ne cewa na'urar ta san inda take kusan a kowane lokaci, ba tare da layin waya ko data ba. GPS tsari ne na gwamnatin Amurka, wanda aka harba tauraronsa na farko a 1978, aka kuma ayyana cikarsa a 1995. Taurarin ɗan'adam ɗin suna kewaya duniya daga nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana aiko da saƙon da ke ɗauke da lokaci da kuma matsayinsa, ita kuwa na'urar sai ta auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso ta, daga taurari huɗu aƙalla, ta lissafa inda take. Har zuwa watan Mayu na 2000 Amurka na rage ingancin saƙon da gangan ga farar hula, kuma cire wannan takunkumi ne ya buɗe kasuwar da kamfanoni irin su Garmin da TomTom suka yi suna a cikinta. Ba a biyan ko sisi domin karɓar saƙon. Na gwada wannan a hanyar da ta tashi daga ƙofar Mainamaji ta dajin Yankari zuwa sansanin Wikki, tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji, inda wayata ta yi shiru, amma kibiyar da ke fuskar na'urar ta ci gaba da tafiya tare da motar ba tare da ta ɓata ba. Ƙurar hunturu ma, wadda na zaci za ta toshe mata gani, ba ta hana ta komai ba. Inda na ga ta ɗan yi tangal-tangal shi ne a gindin duwatsun Dass, da kuma ƙarƙashin rumfar kwano ta gareji, domin tana buƙatar sararin sama a buɗe.

Ranar farko ta shafe mintuna da yawa tana neman taurari, har na soma tunanin mayar da ita. Haka take yi duk lokacin da ta daɗe a kashe, saboda sai ta sake karɓar bayanin inda taurarin suke, don haka na saba kunna ta tun ina duba mai da ruwan mota.

Gudun da take nunawa ya zame mini abin amfani da ban yi zato ba. Allurar motata takan nuna 100 alhali na'urar tana nuna ƙasa da haka da kaɗan, kuma da na gwada da nisan da na sani tsakanin Bauchi da Gombe, wato kilomita 150 da 'yan kai, sai na fi gamsuwa da lissafin na'urar. Tana kuma tara jimlar nisan da aka yi a yini, abin da ya kawo ƙarshen gardamar kuɗin mai tsakanina da yaron da ke tuƙa mini mota idan na aike shi shi kaɗai. Lokacin isowa da take ƙiyastawa kuwa ba abin dogaro ba ne, domin ba ta san ramukan titi ba, ba ta san shingen jami'an tsaro ba, ba ta kuma san ranar kasuwa ba, lokacin da tireloli da masu shanu kan cinye rabin hanya.

Rauninta na gaske yana cikin taswira. Sanin inda kake abu ne dabam, sanin abin da ke kewaye da kai kuma abu ne dabam, kuma na biyun ya dogara ne ga mutanen da suka zana taswirar da shekarar da suka zana ta. A cikin garin Bauchi manyan tituna suna nan daidai, daga Wunti zuwa shatale-talen Gidan Mai har Yelwa, amma da zarar an kutsa lungunan tsohon gari ko sababbin unguwannin bayan gari, sai kibiya ta koma tana yawo a kan farin fili. Gombe ta fi ba ta wahala. Garin ya faɗaɗa ƙwarai tun da ya zama babban birnin jiha a 1996, an yi sababbin tituna, unguwanni irin su Tumfure sun cika sun batse, sannan ga kwaruruwan zaizayar ƙasa da suka raba wasu unguwanni biyu. Sau biyu ta umarce ni da in miƙe a inda babu komai gabana sai kwari. Na koma shagon neman sabuwar taswira, aka kwafa mini wata a katin, da na duba sai na ga ba ta bambanta da tsohuwar ba.

Akwai kuma matsalar da ta fi tsufan taswira zurfi, wato yadda na'urar ke tambayar wuri. Tana son a ba ta sunan gari, da sunan titi, da lambar gida, mu kuwa ba haka muke kwatance ba. Mai shagon da zan kai wa kaya a Pantami zai ce mini in wuce masallacin Juma'a, in karya kwana ta biyu, shagonsa na kallon injin niƙa, kuma duk wani ɗan acaɓa zai gane wannan kwatance nan take, amma babu gurbin rubuta shi a cikin na'urar. Ko sunayen da ta sani ma sai an yi hattara da su. Na rubuta Tudun Wada ta jero mini garuruwa da unguwanni daga jihohi daban-daban, kuma wanda bai lura ba zai danna na farko ya kama hanyar da ba tasa ba. Dadin Kowa sai da na gwada rubuta shi a haɗe da kuma a rabe kafin ya fito. Muryar da ke ba da umarni da Turanci take magana, tana kuma karya sunayenmu yadda da ƙyar ake gane su, saboda haka na rage ta, na bar ƙarar gargaɗin kwana kawai.

Abin da ya fi koya mini hankali ya faru ne a watan Agusta, a wata hanyar ƙasa da ke yankin Alkaleri. Na bar zaɓin hanya a kan mafi gajarta maimakon mafi sauri, ita kuwa na'urar ba ta bambance rani da damina, sai ta ja ni ta wata hanya da ke ratsa rafi, wanda a watan Maris yashi ne zalla. Na iso na tarar da ruwa yana gudu har gwiwa. Wani dattijo da ke dawowa daga gona ya tsaya ya ce, "Ɗana, wa ya nuna maka nan? Tun farkon damina babu motar da ta haye." Na nuna masa na'urar, ya dube ta ya ce, "To, ai baƙuwa ce." Na juya, na yi asarar kusan awa biyu da man da ba zan so in tuna ba. Tun daga ranar na kunna zaɓin kauce wa hanyoyin da ba kwalta, kuma idan dole ne in bar titi a damina, sai na tsaya a tasha na tambayi direbobin da suka fito daga can a ranar.

Sai dai a wannan tafiya ce kuma na gano abin da ya sa har yau ban rabu da ita ba. Na'urar tana zana layi a duk inda motar ta bi, ko da babu hanya a taswira, kuma wannan layi ne na bi na koma kwalta ba tare da na yi kuskuren mararraba ko ɗaya ba. Tana kuma ba da damar ajiye wuri da sunan da mutum ya ga dama. Yanzu duk shagon da na kai wa kaya, duk rugar da aka raka ni, duk mai facin da na yarda da aikinsa, ina danna ajiya tun kafin in kashe mota, in rubuta sunan da Hausa yadda zan gane. Ba ta da ƙ da ɗ da ɓ, amma wannan bai hana ni gane abin da na rubuta ba. Da wuraren suka taru sai na samu taswira tawa ta kaina a kan ta masu na'urar, wadda ta fi tasu sanin yankin da nake aiki, har yaron motata yakan kai kaya inda bai taɓa zuwa ba. Rugage kan tashi idan makiyaya suka yi ƙaura, don haka waɗannan sai an riƙa sabunta su.

Ga wanda za a turo wa lambobin wuri ta WhatsApp domin ya shigar a na'urar, akwai tarko ɗaya. Bauchi tana wajen digiri 10.3 arewa da 9.8 gabas, Gombe kuma tana kusan layi ɗaya da ita ta arewa amma wajen 11.2 gabas, kuma ana iya rubuta irin waɗannan lambobi da digiri da ɗigo, ko da digiri da minti. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, saboda haka wanda ya shigar da lambar tsari ɗaya a gurbin ɗaya tsarin zai iya samun kansa kilomita masu yawa daga inda ake jiransa. Sai a duba saitin na'urar ya dace da yadda aka turo lambar.

Jikin na'urar bai burge ni ba. A zafin Maris da Afrilu robar mariƙin takan saki gilashi, ta faɗo mini sau uku, har na haƙura na sa aka ɗaure mariƙin a kan dashbod. Batirinta ba ya kai awa ɗaya idan an cire caja, kuma barin ta a mota a rufe cikin rana hanya ce ta kumbura batirin, ban da cewa tana jawo idon masu fasa gilashi. Da tsakar rana fuskar takan dusashe sai an kare ta da hannu, da dare kuwa tana komawa launi mai duhu da ba ya kashe ido, wanda na yaba.

Mutane da yawa da suka gan ta a motata sun ɗauka na'urar bin sawun mota ce, wadda ake ɓoyewa saboda ɓarayi. Ba ita ba ce. Wannan karɓar saƙo kawai take yi, ba ta aika komai ga kowa, don haka idan an sace motar ba za ta faɗa wa mai ita inda take ba. Na'urar bin sawu tana buƙatar layin waya a cikinta, kuma sayayya ce dabam.

Idan aka kwatanta ta da waya, dole in yi adalci. Google Maps yana ba da damar sauke taswirar yanki a ajiye domin amfani ba tare da intanet ba, kuma wayoyin yanzu da yawa suna karɓar saƙo daga taurarin Rasha da na Turai da na Sin ban da na Amurka. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari da manyan tituna irin na Jos ko Kano ko Yola ba, wayarsa da mariƙi mai kyau da caja sun ishe shi, kuma ba zan ba shi shawarar kashe kuɗi a kan wannan ba. Wanda zan ba shawarar saye shi ne mai aiki irin nawa, da malamin gona, da ma'aikacin rigakafi, da mai sayen hatsi a kasuwannin ƙauye, wato duk wanda ke komawa wurare da yawa da babu su a taswirar kowa, kuma yake son wayarsa ta zauna domin kira. Shi ma kada ya biya sai ya sa mai shago ya kunna ta a waje ta kama taurari a gabansa, ya nemi unguwarsu da ƙauyensu a taswirar ya gani da idonsa, ya kuma tabbatar tana ajiye wurare da layin tafiya, sannan ya tambayi yadda ake kwafe wuraren da aka ajiye zuwa kwamfuta, domin katin memori yana lalacewa. Ni nawa ina kwafe su duk ƙarshen wata.