Gidan kamfani a Ingila: amsar tambayar Yaya

Yaya salamu alaikum, ya gida ya yara, ya jikin Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Tun ranar da na tura hoton gidan nan a guruf ɗin gida kowa ke ta ma sha Allah ma sha Allah, kai kaɗai ka kira ni ka ce to ginin yana da ƙwari kuwa, kuma ya ci kuɗinsa? A lokacin ban da amsa, wata ɗaya kenan da tarewarmu. Yanzu mun ci damina biyu da sanyi biyu a ciki, sai na ga gara in rubuta a fili tunda akwai 'yan uwa da yawa da suka shigo ƙasar nan aikin asibiti kuma kowa burinsa ya fita daga haya.

A gida ka san yadda muke yi, ka sayi fili ka zagaye, in kuɗi sun samu a buga bulo, ka tsaya kan birkila da kanka kana ƙirga buhun siminti, ka kai linta ka huta shekara guda, sannan a ɗora kwano. In gini ya lalace ka san wanda za ka kama, wataƙila ma masallacinku ɗaya. Nan ba haka ba ne. Wasu manyan kamfanoni ne irin su Barratt (sun haɗe da Redrow a 2024), Persimmon, Taylor Wimpey da Bellway ke sayen gona guda su yanka ta gida ɗari biyu ko uku, kowannensu yana gina dubban gidaje a shekara, zane iri ɗaya ne ake ta maimaitawa daga wannan gari zuwa wancan. Mu lokacin da muka biya kafin alƙalami gidanmu ko tushe ba a haƙa ba, lamba ce kawai a jikin taswira. Kuma ba ka da ikon shiga wurin aikin yadda ka ga dama, sai ranar da suka gayyace ka su ɗora maka hular kwano.

Abin da suke nuna maka shi ne gidan talla, kuma wallahi in ka shiga sai ka ji kamar ka kwana. Uwargida ce ta fara lura cewa gadon ɗakin yaran bai kai girman gadon gaske ba, ga madubai ko'ina, wasu ƙofofin ma an cire su don wuri ya yi fili. Kafet ɗin da ka taka, tayil ɗin kicin, fitilun silin, har ciyawar bayan gida, akasari duk ƙari ne da kuɗinsa daban. Mu da muka karɓi namu bayan gidan taɓo ne zalla.

Sai maganar ɗakuna. Yaya abin da suke kira ɗaki na uku, a gidanmu na Kano sito za a yi da shi. A ma'aunin da gwamnati ta fitar a 2015 ɗakin mutum ɗaya murabba'in mita 7.5 ya wadatar, na mutum biyu 11.5, kuma ba kowace ƙaramar hukuma ce ma ta wajabta shi ba. Su ƙirgen ɗakuna suke sayarwa, ba faɗin gida ba, shi ya sa duk wanda ya tambaye ni nake ce masa ya nemi murabba'in gidan gaba ɗaya ya raba kuɗin da shi, sannan ya je ya gwada da tsohon gida a unguwar, nan ne zai ga ainihin tsadar. Babu zaure, babu tsakar gida, baƙo namiji in ya shigo kai tsaye falo yake faɗawa, wannan har yau bai zauna min ba.

Bangon waje jan bulo ne mai kyau, a bayansa akwai rata da aka cusa wa abin tare sanyi. Amma bangon da ya raba ɗakuna allon filasta ne aka buga kan katako, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ganga, wanda ya yi tari a ɗakinsa kowa ya ji. Ranar da na zo rataye talabijin sai da na nemo kusoshi na musamman. Na tuna katangar gidan Baba da kusar kankare ke lanƙwashewa a jikinta, na yi dariya ni kaɗai.

Inda na fi son ka gane shi ne abin da ke faruwa bayan an miƙa maka makulli, don a nan ake sanin kamfani. Akwai masu sana'a a nan aikinsu kawai su zo su binciko kurakuran sabon gida. Mun biya wani kusan fam 400, ya yi rabin yini da tsani da fitila da kyamarar da ke ganin inda sanyi ke shiga, ya ba mu takarda mai kurakurai sama da ɗari. Mafi yawa ƙanana ne, fenti ya ɗiga, ƙofa ba ta rufuwa daidai, amma a ciki akwai bututun bandakin sama da ba a ɗaure da kyau ba yana tsiyaya cikin silin, da wani ɓangaren rufi da aka manta ba a shimfiɗa abin tare sanyin ba sam. Ba zan kama sunan kamfanin da ya gina mana ba. Ƙananan sun gyara cikin sati uku, na silin ɗin kuwa sai da muka yi wata biyar muna imel, yau a turo mai famfo ya ce aikin mai filasta ne, gobe mai filasta ya ce sai mai famfo ya gama. Daga baya wani magini ɗan Poland ya faɗa min gaskiya, su ba ma'aikatan kamfanin ba ne, 'yan kwangila ne ake biyansu a kan adadin aikin da suka gama, ga shi namu an miƙa shi daf da rufe lissafin shekarar kamfani, lokacin da manaja ke neman cika adadin gidajen da aka ɗora masa ko ta halin ƙaƙa. Ashe har watan da za a gama gidanka abin dubawa ne.

Amma fa akwai abin da ya fi na gida nesa ba kusa ba, garanti. Yawancin sabbin gidaje suna da na NHBC, wato kamfanin da ke ba sabbin gidaje garanti da inshora, na shekara 10, shekara biyun farko kamfanin ne zai gyara duk abin da ya saɓa ƙa'ida, sauran takwas ɗin inshora ce ta manyan matsaloli kawai kamar tushe da rufi. Tun 2022 kuma akwai ofishin sauraron koken masu sabbin gidaje, mu da muka ambaci sunan ofishin a imel na ƙarshe, cikin kwana goma aka zo aka gama aikin. Ka gwada wannan da wanda ya sayi gida a wani rukunin gidaje a can gida silin ya fara zuba, wa zai kai wa ƙara?

Tutar taurari biyar da suke kafawa a bakin unguwa kar ta ruɗi kowa. An yi shekaru da yawa tambaya ɗaya da ake yi wa masu saye ce ke ba kamfani taurarin, wai za ka ba abokinka shawarar ya saya a wurinsu, kuma sati 8 bayan tarewa ake yin ta, lokacin mutum yana cikin ɗokin sabon gida ko ruwan kirki bai daki rufin ba. Gara ka karanta tarihinsu. Persimmon a 2018 surutu ya yi yawa kan ladan kusan fam miliyan 75 da aka ba shugabansu Jeff Fairburn har ya bar kujerar, a 2019 kuma binciken da su da kansu suka sa aka yi ya gano gidajen da ba a sa musu abin tare wuta a cikin bango yadda ya kamata ba. Taylor Wimpey a 2017 sai da suka ware fam miliyan 130 saboda gidajen da suka sayar da sharaɗin kuɗin hayar ƙasar da gidan ke kai yana ninkuwa duk shekara 10. An hana irin wannan hayar a sabbin yarjejeniyoyi tun 2022, amma ƙanwarta tana nan, kuɗin kula da unguwa. Titinmu da ɗan filin wasan yara ba a hannun ƙaramar hukuma suke ba, wani kamfani ne daban ke karɓar kuɗi duk shekara, bayan harajin da muke biyan hukuma cif, kuma bana ya ƙaru. Hukumar sa ido kan gasar kasuwanci ta ce kashi 80 cikin ɗari na gidajen da manyan kamfanoni 11 suka sayar a 2021 zuwa 2022 suna da wannan cajin. Lauyan da kamfani ya nuna mana a gurguje ya wuce wurin a cikin takardun, da zan sake da nawa lauyan zan zo.

Abin da ya fi min amfani kyauta na same shi. Da ɗan gari akan ci gari, wata Asabar na je ɓangaren unguwar da aka fara gamawa na dinga ƙwanƙwasa ƙofa ina tambayar mutane ya kamfanin yake in an kira su gyara. Wata tsohuwa ce ta ce min kamfani ɗaya ne amma unguwar 'yarta lafiya lau, tasu kuma sai a hankali, duk ya danganta da manajan da ke tsaye kan aikin. Ka ga dai an koma maganar birkila.

To ya ci kuɗinsa? Ta fannin ɗumi ya ci. Tsohon gidan da muka yi haya a Manchesta bango har gumi yake yi yana baƙi, ƙaramin yaronmu kullum cikin tari, hita na kunne amma muna yawo da rigar sanyi a falo. Nan awa ɗaya da safe ta isa, kuɗin gas ya sauka sosai, tarin yaron ya tafi. Ta fannin fili da ƙwarin bango kuwa an ci mu, kuma maƙwabcinmu da ya sa nasa a kasuwa bayan shekara ɗaya da ƙyar aka taya kuɗin da ya saya, don kamfanin na can ƙarshen layi yana sayar da sabo fil da kyautar kafet.

Maganar filina na gida, a ci gaba da zagayewa kamar yadda muka yi, bulo mai inci tara, kuma don Allah a bar wurin zaure. Zan turo na siminti ƙarshen wata in sha Allah. A gaida Hajiya da su Anti.