Ajin kwamfuta na hutu da na sa yarona a Birnin Kebbi

Jama'a masu tambayata kan cibiyar kwamfutar nan da na kai Abba wannan hutun, ga abin da na gani da idona. Sati huɗu ne, ni tunanina taifin za a koya musu da ɗan zane-zane, sai ran nan yaro ya dawo gida yana ce min Baba ka san wayarka ta fi kwamfutar motar da ke yawo a duniyar Mas sauri? Washegari na bi shi da kaina.

Wallahi malamin ya san aikinsa. Ya ce mu nan iskar sama da maganaɗisun ƙasa ke kare mu, can sararin samaniya kuwa ƙwayoyin radiyeshan masu ƙarfi daga rana da taurari suna ratsa na'ura, guda ɗaya in ta bugi furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai lissafi da sifili da ɗaya, sai sifili ya koma ɗaya, lissafi ya rikice, wani lokacin ma ta ƙone gaba ɗaya kuma ba mai gyara a kusa. Shi ya sa motar nan Perseverance da ta sauka Mas a 2021 take amfani da furosesa mai suna RAD750, gudunta megahaz 200 kacal amma an ƙera ta don jure dukan, kumbon Juno kuwa da ya isa duniyar Jufita a 2016 cikin akwatin titaniyam aka kulle kayan lantarkinsa, kaurin bangon kusan santimita 1.

Abin da ya fi burge ni, don nuna wata dabarar magance irin wannan rikicewar lissafi, ya jona ƙananan kwamfutoci da ake kira Raspberry Pi guda 3 suna lissafi iri ɗaya, ya sa wata yarinya ta ɓata amsar ɗaya da gangan, sauran biyun suka rinjaye ta aiki ya ci gaba, ya ce kamar shaidu ne gaban alƙali. Yaran suka ɗau tafi, ni ma na tafa.

Inda suka gaza, ɗakin ya yi ƙanƙanta ga zafin Kebbi, fanka ɗaya, in an ɗauke wuta sai a yi ta jiran janareta, kuma yara 6 kan na'ura ɗaya ya yi yawa, masu kunya ba sa samun taɓawa. Na faɗa wa mai wurin ya ce Alhaji in Allah ya yarda za a ƙaro. Hutu mai zuwa da ƙanwarsa zan haɗa su, amma sai na ga sola a rufin nan tukuna.